Likitan Da Ya Koma Shugaban Leburori A Dajin Gabon

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kwanon siminti a wurin gini a nan Ikko ko Badun, a ƙarƙashin maigidan da ba ya jin harshensa, ya san yadda rigima kan tashi ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba. Labarinmu na yau irin wannan ne, amma a ƙasar Gabon ya faru.

Mutumin da ake magana shi ne Dokta Albert Schweitzer, wanda aka haifa cikin 1875 a yankin Alsas, lokacin yana hannun Jamus. Malamin addinin Kirista ne, kuma gwanin kaɗa ogan, watau babban abin kiɗan nan na coci. Yana da shekara 30 ya koma makaranta ya koyi aikin likita don ya zo Afirka. Cikin Afrilu 1913 ya sauka tare da matarsa Helene a tashar Mishan ta Faransawa da ke Lambarene, a bakin kogin Ogowe, fiye da mil ɗari daga teku. Da ya iso bai tarar da ɗakin da aka yi masa alkawari ba, domin Mishan sun rasa leburori. A cikin tsohon akurkin kaji ya fara duba marasa lafiya.

Me ya hana samun leburori? Katako ne. Dajin Ogowe cike yake da wani itace mai suna okume wanda Turawa ke saye da tsada, saboda haka duk wani majiyin ƙarfi da ke son kuɗi ya tafi sansanin masu saran itace. Wanda ya rage a ƙauye kuwa yana da ayabarsa da rogonsa da kifinsa. Ba ya neman aikin lada sai in wata bukata ta taso, kamar kuɗin aure ko haraji, kuma da zarar ya haɗa abin da yake nema sai ya ajiye gatari ya koma gida, ko da an kai gini rabi.

Turawan wannan zamani lalaci suke kiran wannan hali. A nan dai sai a yaba wa Likita, domin a littafin da ya fitar cikin 1921 ya ƙi yarda da su. Ya ce ya ga mutane sun kwana sun yini suna tuƙa kwalekwale don su kawo masa mara lafiya, ya kuma ga yadda suke sare daji in za su yi sabuwar gona. A ganinsa mutumin daji ba rago ba ne, ɗa ne mai 'yancin kansa, wanda yunwa ba ta tilasta masa sayar da ƙarfinsa kullum. Ya gane wannan sarai. Amma ganewar ba ta hana shi faɗa da tsawa ba ranar da ruwa ke zuba kan marasa lafiya, masu jinka kuwa ba su zo ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse aikin. Da yake shi ɗan Jamus ne a ƙasar da Faransa ke mulki, aka kwashe shi da matarsa zuwa Faransa cikin 1917 aka tsare. Bai komo ba sai 1924, ya tarar ciyawa ta cinye wurin, rufin ɗakuna duk ya huje. Da ganyen tukurwa ake jinka a can, ga shi babu mai saƙawa, kowa na wajen katako. Sai ga babban likita, da safe yana duba masu ciwo, da la'asar yana bin ƙauyuka cikin kwalekwale yana roƙon ganyen rufi. Har ta kai shi ga yi wa mutane barazanar ba zai ƙara duba majinyatan ƙauyensu ba in ba su kawo ba.

Cikin 1925 abu ya ƙara lalacewa. Ruwan sama ya sauka cikin ranin 1924, aka kasa ƙone daji a yi gonaki, yunwa ta shigo, ciwon atuni ya biyo bayanta. Marasa lafiya suka haura ɗari a ɗan filin Mishan, babu inda za a ware masu cutar da ke yaɗuwa. Likita ya yanke shawarar tayar da asibitin ɗungum zuwa wani tudu kamar mil biyu gaba, inda zai sami fili har da na noma.

To, su wa za su yi aikin? 'Yan jinya. A can mara lafiya ba ya zuwa shi kaɗai, sai da dangin da za su tuƙo shi su kuma dafa masa abinci. Likita ya kafa doka cewa duk mai lafiya da ke cin abincin asibiti sai ya yi aiki, haka ma wanda ya warke. A wajensa adalci ke nan: an yi maka magani, ka biya da guminka don na bayanka su amfana. A wajen mutanen kuwa, sun zo jinyar ɗan'uwa ne, ba su zo ƙwadago ba, kuma babu al'adar da ta ɗora wa Bafange ya yi wahala saboda wani Bagalowa da bai haɗa komi da shi ba. Kowace safiya sai an bi ɗaki ɗaki ana zaƙulo su kafin kwalekwale ya tashi. Ladansu abinci ne da kaya irin su tukunya da bargo da gidan sauro. Taba da giya kam ya hana, ko da yake su aka fi roƙo.

Bugu da ƙari ba sa jin maganar kowa sai ta tsohon Likita da kansa. Dole ya bar wa matasan likitocin da suka zo taimakonsa aikin asibiti, shi ya koma shugaban leburori fiye da shekara guda. Wata rana yana fama da jan katako don gudun ruwa, ya hangi wani ɗan ƙasa cikin fararen kaya ya zo dubiya, ya ce ya kama masa. Mutumin ya ce shi ɗan boko ne, ba ya jan itace. Likita ya ce masa ya yi sa'a, shi ma ya so zama ɗan boko bai dace ba. Turawa kan ba da wannan labari don a yi wa mai fararen kaya dariya. Ni kuwa ina tambaya: a wurin wa ya koyi cewa mai ilmi ba ya taɓa itace, in ba a wurin Turawan mulki ba?

Su ma leburorin suna da abin da suke yi masa dariya a kai. Kafin a kafa dirka sai ya leƙa ramin ya tsame kwaɗo ko tururuwar da ta faɗa ciki, kuma ya sa a tono kwakwar manja a dasa ta wani wuri maimakon a sare, saboda aƙidarsa ta girmama duk abu mai rai.

Ginin kansa kuwa, da aka tare cikinsa ranar 21 ga Janairu 1927, ya bi ƙasar da mutanenta. Dogayen ɗakuna ne na katako mai ƙarfi da rufin kwano, bisa dirkokin da aka babbaka don su daɗe, an ɗaga su saboda ambaliya, an miƙe su daga gabas zuwa yamma don kada rana ta doki dogon bango. Ya bar iyali su kwana kusa da majinyacinsu, su hura wuta a ƙofar ɗaki, awaki da kaji na yawo. Mutanen da ke gudun asibitin gwamnati suka riƙa zuwa nasa. Da aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya ta 1952, kuɗin ya zuba wajen gina unguwar kutare.

Sai dai abin da ya yi wa gini bai yi wa kansa ba. Shekara 52 tsakanin zuwansa da rasuwarsa, amma bai koyi harshen Galowa ko na Fang ba, da tafinta yake magana. Bai horar da likita baƙar fata ko ɗaya ba. Ya kan ce shi ɗan'uwan baƙar fata ne, amma shi ne wa. Wannan magana ce marubucinmu Chinua Achebe ya yi tir da ita a wata lacca da ya yi a Amurka cikin 1975. Tun kafin nan, da Gabon ta sami mulkin kai cikin 1960, 'yan bokon ƙasar sun fara cewa asibitin da babu ruwan famfo, babu lantarki sai a ɗakin tiyata, ba girmama al'ada ba ne, raini ne.

Ya rasu ranar 4 ga Satumba 1965 yana da shekara 90, aka binne shi a harabar asibitin, wanda a lokacin ya kai gine-gine kamar 70. 'Yarsa Rhena ta karɓi ragama, wani likita ɗan Suwizalan ya riƙe sashen magani. Cikin 1981 aka buɗe sabon asibiti na zamani a gefen tsohon, ɗakin da ya zauna kuma ya zama gidan tarihi. Sai da asibitin ya doshi shekara ɗari da kafawa kafin ɗan Gabon ya hau kujerar shugabancinsa.