Yadda na gyara na'urar tattaki ta gida a Garwa, da abin da ya ƙona ta tun farko

Ranar wata Talata bayan sallar Asuba, uwargidana ta hau na'urar tattakinta kamar kullum. Ba ta yi minti biyar ba sai muka ji "tas", wani wari irin na ƙonanniyar roba ya cika ɗakin, bel ɗin ya tsaya cak. Allah ya kiyaye tana riƙe da ƙarfen gefe, da ta kifa.

Wani zai ce na'urar motsa jiki ai kayan gayu ne. A gidanmu magani ce. Shekara biyu ke nan da likita ya tabbatar mata da ciwon suga, ya ce ban da ƙwaya sai ta riƙa tafiya ta rabin awa a mafi yawan ranakun mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da take ba manya shawara ke nan, aƙalla minti 150 a mako. To a Garwa ina za ta yi wannan tafiyar? A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, ƙarfe tara na safe rana ta riga ta buɗe. Maza kan fita da sassafe su zaga wajen filin wasa na Roumdé Adjia, amma mace mai 'ya'ya huɗu da girki a gabanta, wadda kuma ba ta saba fita ita kaɗai da duku-duku ba, wannan ba tata ba ce. Shi ya sa na ciji yatsa na sayo mata 'yar gwanjon Turai daga Duwala, irin wadda a nan ake kira tapi rulan.

Mai sayarwar na fara kira. Ya ce allon lantarkinta ne ya tafi, zai sa a nemo wani, in tanadi Sefa dubu saba'in, in kuma jira wata ɗaya ko biyu. Ko da ya zo ma, in ji shi, ba lallai ya dace ba. A mako na biyu da tsayawar na'urar, awon sugan uwargida na safe ya fara hawa. Nan na ɗauko sukudireba.

Ni ba injiniya ba ne. Iyakacin sanina gyaran fanka da canza soket. Amma da na cire fulogi na kwance murfin gaba, sai na ga abin bai kai yadda nake tsoro ba. Inji ɗaya ne mai kamar gwangwanin madara babba, da ƙaramin bel da ke haɗa shi da abin da ke juya babban bel, sai allo ɗaya mai faɗin tafin hannu biyu. Abin da ya fi komai yawa a ciki ƙura ce. Hunturu uku ta kwana a wurin, ta haɗu da gashi da zaren darduma ta zama kamar auduga, ta toshe duk inda iska za ta bi.

Aikin allon nan, yadda na fahimce shi daga baya, shi ne ya karɓi wutar gida mai bolt 220 wadda ke kai da komowa, ya miƙar da ita ta zama mai tafiya hanya ɗaya, domin injin irin wannan wutar yake ci. Yawancin na'urorin gida da aka yi wa ƙasashe masu wuta irin tamu, injinsu na bolt 180 ne, an rubuta a jikinsa. Da farko wutar kan bi ta fiyus, sannan ta wuce wani ɗan faifai mai launin shuɗi da ke shanye wuta idan ta yi tsalle, sai mai miƙar da ita mai ƙafa huɗu, sai babban kwandansa da ke tara ta. Daga nan akwai transista mai ƙafa uku, ana ce masa IGBT, an ɗaure shi a jikin farin ƙarfe don ya sha zafinsa. Shi ne mai gadin ƙofa. Yana buɗewa yana rufewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, idan ka danna ƙarin gudu sai ya riƙa daɗewa a buɗe, injin ya ƙara sauri.

A nan zan tsaya in ja kunne, don wurin nan ne ake rasa rai. Cire fulogi ba ya nufin babu wuta a allon. Kwandansan nan yakan tara sama da bolt 300, kuma yana iya riƙe ta bayan an kashe komai. Sai ka sa mita a ƙafafunsa ka ga ta sauka kusa da sifili kafin ɗan yatsanka ya kusanci wurin. Idan ba ka da mita, ko ba ka san yadda ake karanta ta ba, mayar da murfin ka ɗaure, ka nemi wanda ya sani.

Fiyus ɗin ya yi baƙi ƙirin daga ciki. Na yi murna, na ce abin Sefa ɗari ne. Na hau babur na sayo sabo, na sa, na kunna. Ko daƙiƙa ɗaya bai yi ba ya bi ɗan'uwansa. Wani maƙwabcina da ke kallo ya ce in naɗa siririyar waya a wurin, ai haka ake yi wa fanka. Ban yi ba, kuma na gode Allah. Fiyus da ya ƙone sau biyu yana gaya maka akwai abin da ya haɗe a gaba, idan ka toshe masa baki da waya, allon gaba ɗaya ko wayar ɗakin ce za ta ƙone a madadinsa.

Sai na koma kan injin, don shi ya fi tsada. Gwajinsa mai sauƙi ne. Na zare wayoyinsa biyu, ja da baƙa, daga allon, na cire ƙaramin bel, na jona su a batirin babur mai bolt 12. Ya juya a hankali, ba ƙara, ba gargada. Na buɗe murafu biyu na gefensa na duba gawayin da ke gogar abin juyawa, wanda masu gyara a nan ke kira sharbon. Ya ci, amma da sauransa. Injin lafiya lau. Saura allo.

Na ɗauki hotonsa da waya ta kowane ɓangare kafin na zare ko waya ɗaya, shawarar da nake ba kowa, na nannaɗe shi a tsumma na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a kasuwa. Bai taɓa taɓa na'urar tattaki ba, ya faɗa mini da bakinsa. Amma da ya juya allon sau biyu sai ya ce, "Ɗana, ai wannan ɗan'uwan na injin walda ne." Ya fara jona ƙwan fitila a ƙafafun kwandansan don ya zuƙe abin da ya rage, sannan ya sa mita a kan transistan. Ta yi ƙara ta ko'ina ya juya. Ya haɗe. Diyod ɗin da ke kusa da shi ma ya tafi, wanda aikinsa shi ne tare wutar da injin ke turowa baya duk lokacin da ƙofar ta rufe.

Na ce, "Baba, in na samo su zan iya sawa da kaina?"

Ya ce in ina da haƙuri. Ya rubuta mini lambobin, ya ce kada in yarda a ba ni mai ƙarancin bolt ko da kamarsu ɗaya, kuma kada in manta da siririn fallen da ke raba bayan transistan da farin ƙarfen, da farin man da ake shafawa. Transistan na samu a wajen masu gyaran injin walda, diyod ɗin a cikin wani mataccen allo na dattijon. Duka da dalma ba su kai Sefa dubu biyar ba. Liƙin ya ɗauke ni yamma guda, hannuna na rawa, na kusa ɗaga layin tagulla ɗaya saboda na daɗe da ƙarfen a kansa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta gwaji. Dattijon ya hana ni jona allon kai tsaye. Ya ce in sa ƙwan fitila irin na da, mai zare, wat 100, a kan layin wutar kafin ta shiga allon. Idan har yanzu akwai abin da ya haɗe, ƙwan zai haska sosai ya tsaya a haka, ya riƙe wutar, ba abin da zai ƙone. Idan lafiya, zai yi walƙiya sau ɗaya yayin da kwandansa ke cika, sannan ya dushe. Neman ƙwan ya fi neman transistan wuya, yanzu kowa ya koma na zamani. Da na kunna, ya haska, ya dushe. Na yi hamdala a bayyane har yara suka leƙo.

Sai dai kafin in baro rumfarsa dattijon ya yi mini wata tambaya da ban iya amsawa ba. Ya ce transista ba ya mutuwa haka kawai, me ya kashe shi? Ni dai na ɗora laifin a kan wuta. Duk wanda ke arewacin Kamaru ya san halin da ake ciki. Yankunan nan uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, sun daɗe suna dogaro da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage, ba su kawar ba. Wuta mai ɗaukewa tana dawowa ba ta yi wa kowane allo daɗi. Amma ɗan faifan shuɗin nan da ke shanye tsallen wuta lafiyarsa ƙalau, ko tabo babu. Kuma ranar da abin ya faru ba a ɗauke wuta ba.

Amsar tana ƙarƙashin babban bel. Na ɗaga gefensa na zura hannu, na ji katakon a bushe ƙamas, da ƙura mai kaushi kamar yashi. Na tsaya a kai, na'urar a kashe, na gwada tura bel ɗin da ƙafa, da ƙyar ya motsa. Tun da na saye ta ban taɓa sa mata mai ba, ban ma san ana sawa ba, mai sayarwar bai faɗa ba, takardarta kuma ba ta zo da ita ba. Duk takun da uwargida ta yi, nauyinta na danna busasshen bel a kan busasshen katako, injin na jan wuta fiye da ƙima don ya ja, transistan na ɗaukar zafi, ga ƙura ta toshe masa iska, ga ɗakin da kansa kamar tanda. Da na biya dubu saba'in na sa sabon allo, da shi ma ya bi sahu kafin damina.

Man da ake sawa na silikon ne zalla. Ba baƙin mai ba, ba giris ba, ba man gyaɗa ba kamar yadda wani ya ba ni shawara da zuciya ɗaya, waɗannan suna cin robar bel ɗin su kuma kama ƙura. Na sassauta bel, na goge katakon da busasshen tsumma har ya daina baƙi, na zuba silikon kaɗan a tsakiya ta kowane gefe, na bar ta tana tafiya a hankali minti biyar ba kowa a kai. Da na sake turawa da ƙafa, sai ga shi yana sulɓi.

Wani abu kuma ga mai niyyar saye: ka duba takardar da ke manne kusa da inda waya ke shiga. 'Yan gwanjon Amurka na bolt 120 ne, ka jona ta a soket ɗinmu ta ƙone nan take. Na Turai 230 ne, sun dace da mu.

Yanzu ta koma kan tattakinta, kwana ashirin da uku bayan tsayawar na'urar. Ta mayar da lokacin zuwa bayan Asuba kai tsaye kafin ɗakin ya ɗau zafi, da ta gama sai a cire fulogi a lulluɓe ta da tsohon zani. Ni kuma duk farkon wata ina buɗe murfin in hure ƙura, in zura hannu ƙarƙashin bel in ji. Sharbon ɗin nan da ya ci, na riga na ba dattijon ɗaya ya nemo mini irinsa.