Ajiya Maganin Wata Rana: Yadda Za Mu Kare Takardun Ofis da Ke Cikin Kwamfuta

'Yan'uwa, a ofisoshinmu da yawa a yau, ko na majami'a ne, ko na makaranta, ko ɗakin shan magani, ko shagon kasuwanci, aikin shekaru yana zaune a cikin kwamfuta guda ɗaya. Lissafin kuɗi, sunayen mutane, wasiƙu, sakamakon jarrabawar yara, hotunan takardun fili, duk suna nan cikinta. Sakatare yana buɗe ta kowace safiya, tana aiki lafiya, saboda haka ba wanda ke tambayar abin da zai faru ran da ta ƙi tashi. Amma kowace kwamfuta tana da ranarta. Wadda ba ta lalace ba, ɓarawo yana iya ɗauka, ko ruwan damina ya zubo mata daga rufi. Idan na'ura ta tafi, kuɗi yana iya maido da wata. Takardun da suka tafi tare da ita kuwa ba a sayar da su a kasuwa.

Abin da muke so mu koya a wannan darasi shi ne wannan: duk takardar da take wuri ɗaya kawai, ba a ajiye take ba tukuna.

Ta ina hasara take shigowa?

Bari mu fara da sanin abin da ke riƙe takardun. A cikin tsofaffin kwamfutoci akwai faifan ajiya mai juyawa, yawanci sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura tana karanta shi. Idan laftof ta faɗi tana a kunne, allurar tana iya karce faifan, abin da ke wurin kuma ya tafi. Sababbin kwamfutoci suna zuwa da ma'ajiyar da ake kira SSD. Ba ta da abin da ke juyawa, ta fi sauri, ta fi jure girgiza. Sai dai idan ta mutu, sau da yawa ba ta ba da alama, kuma ciro abin da ke cikinta yana da wuya ƙwarai ko a hannun gwanin gyara.

Na biyu ita ce wuta. Kayan lantarkinmu an yi su domin wuta mai ƙarfin wajen volt 230, amma dukanmu mun san yadda wutar Nepa take zuwa wani lokaci da rauni, wani lokaci da ƙarfin da ke ƙona kaya. Lokacin da ake juyawa daga janareto zuwa Nepa ma haɗari ne. Kwamfutar tebur da wuta ta ɗauke mata tana tsakiyar rubuta fayil tana iya lalata fayil ɗin. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe mafitar iska, zafin bazara ya ƙara a kai, na'ura ta riƙa mutuwa da kanta.

Na uku, hannunmu ne. An goge folda bisa kuskure, ko an rubuta lissafin wannan wata a kan na watan jiya. Ku lura da wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: abin da ka goge daga cikin kwamfuta yana zuwa kwandon shara, kana iya maido shi, amma abin da ka goge daga filash yawanci ba ya shiga kwandon, tafiya yake yi kai tsaye.

Na huɗu, cutar kwamfuta. Mafi muninta ita ce wadda take kulle dukan fayiloli ta nemi kuɗin fansa. A watan Mayu na 2017, wadda ake kira WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Asibitocin gwamnati a Ingila suna cikin waɗanda abin ya shafa, har aka soke ganin likita ga marasa lafiya da yawa. Abin lura a nan shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran da ke toshe wannan kafa tun watan Maris na shekarar. Waɗanda aka kama, yawancinsu ba su sabunta kwamfutocinsu ba ne.

Ƙa'idar 3-2-1

Masu wannan aiki suna da wata ƙa'ida mai sauƙin tunawa, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa. Kowace takarda mai muhimmanci ta kasance da kwafi 3, a kan irin ma'ajiya 2 dabam dabam, kuma kwafi 1 ya zauna a wajen ginin ofis.

Ga yadda wannan zai kasance a ƙaramin ofis. Kwafi na farko shi ne wanda ake aiki da shi a kwamfuta. Na biyu yana kan faifan ajiya na waje, wanda ake jona shi da igiyar USB, a kwafa, a cire, a kulle a kabad. Na uku yana ma'ajiyar intanet, ko kuwa a wani faifan da ke gidan wani amintacce. Dalilin fitar da ɗaya waje a fili yake. Gobara ko ɓarawon da ya shiga ofis ba zai ɗauki kwamfuta ya bar faifan da ke kusa da ita ba.

Kada a bar faifan waje a jone dare da rana. Wutar da ta ƙona kwamfuta tana iya ƙona shi, kuma cutar da ta kulle fayilolin kwamfuta za ta kulle nasa. A jona shi lokacin kwafa kawai. Windows tana da wani sashe mai suna File History wanda yake yin kwafin da kansa idan an saita shi, har yana riƙe tsofaffin siffofin takarda. Wanda bai iya saita shi ba, ya ja folda da hannu ya sauke a faifan, ya sa mata kwanan wata. Hakan ma ya wadatar.

Ma'ajiyar intanet da iyakarta

Duk mai adireshin Gmail yana da wurin ajiya na kyauta mai girman gigabait 15, wanda ake rabawa tsakanin wasiƙu, hotuna da Google Drive. OneDrive na Microsoft yana ba da gigabait 5 kyauta. Wasiƙa ko takardar lissafi yawanci ba ta kai megabait ɗaya ba, saboda haka wannan wuri zai ɗauki dubban takardu. Bidiyo ne ke cinye wuri da data, shi sai a bar shi a faifan waje. Ofishin da ke tura takardu kawai sau ɗaya a mako ba zai ji nauyin kuɗin data ba.

Amma a yi hankali da abu ɗaya. Idan an saita folda ta riƙa daidaita kanta da intanet, duk abin da ya faru a nan zai faru a can. Ka goge takarda a kwamfuta, ta goge a intanet. Google Drive yana riƙe abin da aka goge a kwandonsa na kwana 30, bayan haka ya share shi gaba ɗaya. Idan ba a gano kuskuren ba sai bayan wata biyu, faifan da ke kabad ne kaɗai zai cece ku. Shi ya sa ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Haka kuma tura wa kanka takarda ta WhatsApp ba ajiya ba ce. Waya tana ɓata, ana sace ta, kuma hoton da aka tura ta hanyar da aka saba ana matse shi har ƙananan rubutu su dushe.

Filash jakar hannu ce

Filash an yi shi domin ɗaukar fayil daga nan zuwa can, kamar jakar zuwa kasuwa. Yana faɗuwa daga aljihu, yana shiga wanki, yana mutuwa ba zato. Akwai na jabu da yawa a kasuwa, wanda aka rubuta masa gigabait 64 alhali ainihin cikinsa kaɗan ne. Zai nuna kamar ya karɓi komai, ranar buɗewa kuma a tarar da fayilolin sun lalace. Idan kun sayi sabo, ku cika shi da fayiloli, ku cire, ku sake jonawa, ku buɗe na farko da na ƙarshe kafin ku ba shi amana.

Filash ɗin da ya je shagon buga takardu ya dawo, a duba shi da manhajar kariya kafin a buɗe. Windows 10 da 11 suna zuwa da tasu kariyar a ciki, ba sai an saya ba, sai dai a bar ta ta riƙa sabunta kanta. Idan kun ga foldodinku sun koma wasu 'yan alamomi masu kibiya, kada ku danna su, kada kuma ku yi saurin wanke filash ɗin. Yawanci cutar ta ɓoye fayilolin ne kawai, mai gyara zai iya fito da su.

Ajiyar da ba a gwada ba

A shekarar 1998, kamfanin Pixar na Amurka yana tsakiyar shirya fim ɗin Toy Story 2, sai wani umarni da aka ba kwamfuta bisa kuskure ya goge mafi yawan aikin. Suka koma ga ajiyarsu, suka tarar ta daɗe ba ta aiki daidai ba tare da kowa ya sani ba. Abin da ya fisshe su shi ne wata ma'aikaciya da take aiki daga gida domin ta haihu, tana da kwafi a kwamfutarta ta gida. Idan wannan ya sami kamfani mai cike da gwanaye, to mu fa?

Saboda haka sau ɗaya a wata, a ɗauki faifan ajiya a jona shi a wata kwamfuta dabam, a buɗe takardu uku ko huɗu, a ga suna buɗuwa kuma na kwanan nan ne. Aikin minti goma ne.

Wa ke riƙe da mabuɗi?

Wannan ita ce hasarar da ta fi yawa a ofisoshinmu, kuma ba ruwan na'ura a ciki. An buɗe ma'ajiyar intanet da adireshin sakatare na kansa da lambar wayarsa. Aka yi masa canjin wurin aiki, ko ya rasu, ko aka rabu ba daɗi. Takardun suna nan lafiya, amma ba mai iya shiga.

A buɗe adireshi da sunan ofis. Lambar da za a ɗaura masa ta zama ta ofis, a kuma riƙa amfani da layin, domin kamfanonin waya suna karɓe layin da ya daɗe ba ya aiki su sayar wa wani. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an shigar da wata lamba da ake aikowa waya. Kada a karanta wa kowa wannan lamba ta waya, ko da ya ce daga kamfanin yake. A rubuta kalmar sirri a takarda, a sa a ambulan, a liƙe, a kulle inda shugaban ofis da mutum ɗaya amintacce suka sani. Ranar miƙa aiki, kalmomin sirri su shiga cikin abin da ake miƙawa, kamar mabuɗin ƙofa da littafin banki, sabon mai aiki kuma ya canza su a ranar.

Mu tuna cewa yawancin abin da ke cikin waɗannan fayiloli ba namu ba ne. Sunayen mutane ne, da lambobinsu, da albashinsu, da rashin lafiyarsu. A Najeriya akwai dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe irin waɗannan bayanai nauyin tsare su. Faifan da ke gidan amintacce ba na kallon fim ba ne ga yara. Kwamfutar da za a sayar ko a bayar kyauta, a tabbata an wanke ta sarai tukuna.

Abin da za a yi a wannan mako

Ba sai an jira kasafin kuɗi ba. A tattara duk takardu masu muhimmanci cikin folda ɗaya, a raba su shekara shekara. A kwafe ta yau a kan duk abin da ke hannu, ko da filash biyu ne, kafin a sami faifan waje. A tsayar da rana ɗaya a mako, misali Jumma'a kafin a tashi, a kuma ambaci sunan mutum ɗaya da aikin yake wuyansa, domin aikin da aka bar wa kowa ba wanda ke yin sa. A ajiye ɗan littafi inda zai rubuta kwanan wata duk ran da ya kwafa, shugaba ya riƙa dubawa.

Idan kuɗi ya samu, faifan waje ne farko. Bayansa sai na'urar riƙe wuta da ake kira UPS domin kwamfutar tebur. Ba janareto ba ce, 'yan mintoci take bayarwa domin a adana aiki a kashe kwamfuta yadda ya kamata. Laftof tana da batirinta, amma a zare cajarta daga bango lokacin hadari da lokacin juya wuta. Waɗanda ke kan Windows 10 su sani cewa Microsoft ya daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka a tambayi mai gyara ko na'urar za ta iya ɗaukar Windows 11.

Tsofaffin littattafan rajista da takardun fili na asali kuma, a ɗauki hotonsu shafi shafi da waya a wuri mai haske, a sa su cikin wannan folda. Kada a yar da na takarda. Gara da ruwa suna cin takarda, wuta tana cin na'ura, amma da wuya su ci duka biyun a rana ɗaya idan ba a ɗaki ɗaya suke ba.

Kuma idan abin ya riga ya faru, an goge wani abu ko faifai ya fara ƙara baƙuwa, a kashe kwamfutar nan take, kada a ƙara sa mata komai. Duk sabon abin da aka rubuta yana iya hawa kan wurin da tsohon yake, ya rufe hanyar maido shi. A kai ta wurin mai gyara da aka sani, a gaya masa tun daga ƙofa cewa takardun ake so, kada ya sake zuba mata Windows sai ya ciro su.