Waya ta san agogo, amma ba ta san an yi rasuwa ba

Yanzu abin ya zama yayi. Matashi ya zauna da daddare, lokacin da sabis ke da ƙarfi kuma data ta fi araha, ya shirya rubuce-rubuce da hotuna na mako guda, ya saita wa kowanne ranarsa da lokacin da zai fita a Facebook ko Instagram, ya kashe waya ya kwanta. Ga mai zama a Yako ko Kiru ko Doguwa, inda wuta ba ta da tabbas kuma cajin waya ma sai an biya, dabara ce mai kyau. Sai dai manhajar da ka bar wa amana agogo kawai take dubawa. Ba ta san abin da gari ya wayi da shi ba.

Mu ɗauki ranar Asabar 31 ga Mayu, 2025. A ranar ce motar 'yan wasan Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a Dakatsalle, kan hanyar Kano zuwa Zariya, mutum fiye da 20 suka rasu. Kafin yamma duk shafuka sun koma addu'a da ta'aziyya. To ka ƙaddara tun ranar Laraba ka saita bidiyon barkwanci ya fita da ƙarfe biyar na yammacin Asabar ɗin. Zai fita kuwa. Wanda ya gani ba zai ce na'ura ce ta sake shi ba, cewa zai yi wane ba shi da tausayi. Kuma kafin ka goge, wani ya riga ya ɗauki hotonsa ya ajiye.

Na biyu, mu a nan ba kowace rana ce kalanda ke yanke mana ba. Sallah sai an ga wata, sai Sarkin Musulmi ya yi sanarwa a daren 29 ga Ramadan. Wanda ya saita "Barka da Sallah" tun mako guda kafin nan, yana iya yi wa mutane barka suna cikin azumi na talatin. Haka ma zaɓe. A 2019, da tsakar daren 16 ga Fabrairu, saura 'yan sa'o'i a buɗe rumfuna, hukumar INEC ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa zuwa 23 ga wata. A 2023 ma an ɗage na gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris. Matasan da ke riƙe wa 'yan siyasa shafi a mazaɓar Kiru da Bebeji ko ta Doguwa da Tudun Wada su lura: saƙon "ku fito yau ku yi zaɓe" idan ya fita a ranar da babu zaɓe, ya tashi daga kuskure ya koma labarin ƙarya, kuma da sunan maigidanka.

Na uku, kasuwa. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Kuɗin mota ya bi, kayan masarufi suka bi. Mai tallan masarar Doguwa ko kifin Tiga, ko 'yar'uwa mai sayar da atamfa da turaren wuta, idan tsohon farashi ne a tallan da aka saita, ɗayan biyu ne: ko a sayar a faɗi, ko a ce wa kwastoma "ai ya tashi", ya tafi yana cewa an yaudare shi.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Talla ya fita, mutum biyar sun tambaya "nawa ne?", kai kuma kana gona ko kana cin kasuwar Kwanar Ɗangora, waya ba caji. Kafin ka dawo sun saya a wani wuri. Shago ne a buɗe ba mai shago.

Ba cewa ake yi a daina ba. A dai tantance. Abin da ba ya tsufa, kamar karin magana, tarihin gari ko hoton kaya ba farashi, a saita shi. Abin da ya rataya ga wata, zaɓe, farashi ko raha, a bar shi sai an ga yadda gari ya waye. Kada ka saita abin da ya wuce kwana biyu ko uku. Ka koyi inda ake dakatar da jerin tun kafin buƙata ta taso, kuma ka ba wani amintacce damar shiga shafin, saboda ranar da sabis ya ɗauke.

Da zarar ka ji mummunan labari, kafin ka rubuta "Innalillahi", fara leƙa abin da ke kan layi zai fita da sunanka.