Tiyatar ratse a ƙafa: me ke faruwa da mai cutar Buerger bayan shekara goma?

A 1908 wani likita a birnin New York na Amurka, Leo Buerger, ya yi cikakken bayanin wata cuta da ke kumbura ƙananan jijiyoyin jini na ƙafa da hannu, har jini ya daskare a cikinsu. Yau da sunansa ake kiran ta. Ta bambanta da toshewar jijiya irin ta tsufa ko ta ciwon sukari, domin galibi ƴan ƙasa da shekara 45 take kamawa, mafi yawansu maza, kuma kusan dukkansu masu shan taba. Takan fara da zogi a tafin ƙafa idan an yi tafiya, sai yatsu su yi sanyi, daga baya gyambon da ya ƙi warkewa ya fito.

Idan jini ya kasa isa ƙafa, likitoci kan yi tiyatar ratse: su ciro wata jijiya daga jikin majiyyacin, yawanci doguwar nan da ke bin cikin cinya zuwa idon sawu, su ɗinka ta sama da ƙasan inda ya toshe, jini ya samu sabuwar hanya. Sai dai a cutar Buerger aikin na da wuya. Toshewar tana can ƙasan gwiwa, inda jijiyoyin suke sirara, kuma sau da yawa babu lafiyayyar jijiya a ƙasa da za a sauke dashen a kanta. Ita ma jijiyar da za a ara, wani lokaci kumburin ya riga ya taɓa ta. Shi ya sa kaɗan ne daga cikin majiyyata ake iya yi wa wannan aiki.

Japan na cikin ƙasashen da suka fi bibiyar waɗanda aka yi wa. Wani rahoto da likitocin can suka fitar a 2004 ya nuna cewa bayan shekara ɗaya, kashi 41 cikin 100 na dashen ne suke buɗe ba tare da an sake gyara su ba. Bayan shekara goma, kashi 30. Alkaluman ba su da daɗin ji, amma toshewar dashe ba ita ce rasa ƙafa ba. Idan sabuwar hanyar ta yi aiki na ƴan watanni, gyambon kan warke, ƙananan jijiyoyin gefe kuma su bunƙasa su ɗauki nauyin. Da yawa dashensu ya toshe, amma suna tafiya da ƙafarsu.

Abin da ke raba masu tsira da masu rasa gaɓa shi ne taba. A bayanan asibitin Cleveland na Amurka, kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka daina sha sun kauce wa yankewa, yayin da kashi 43 na waɗanda suka ci gaba aka yanke musu yatsa ko ƙafa. Ragewa ba ta wadatarwa. Kara ɗaya ko biyu a rana ya isa ya riƙe cutar da ranta. Tabar gari ma haka take, kuma likitoci kan guji ba irin waɗannan majiyyata cingam ko filastar nikotin, duk da cewa da su ake taimaka wa sauran masu son dainawa.

Ma'aikacin da bai kai 45 ba, yana shan sigari, ba shi da ciwon sukari, amma yatsan ƙafarsa ya fara baƙi ko zogi na hana shi barci, likitan jijiyoyin jini ya kamata ya nema tun kafin gyambo ya buɗe.