Kogon da Linjila ba ta ambata ba

A Baitalami, kimanin kilomita 10 kudu da birnin Kudus, akwai tsohon cocin da aka gina a wurin da Kiristoci suka ce an haifi Yesu Almasihu. Mai ziyara sai ya sunkuya kafin ya shiga, don ƙofar gajeruwa ce, sannan ya sauka matakala zuwa wani kogo inda aka manna tauraron azurfa mai tsini 14 a daɓe. To, ga abin ɗaure kai: Linjila huɗun nan, ka bi su daga farko har ƙarshe, babu wadda ta ambaci kogo. Luka ya ce a komin dabbobi aka kwantar da jaririn, saboda masauki ya cika. Matiyu kuwa ya ce a cikin gida masanan gabas suka same shi. Masu zanen Turai su kuma rumfar katako suke nuna mana. Daga ina kogo ya ɓullo?

Zargin farko kan maginan Sarkin Roma Kwanstantin yake faɗawa. A zamaninsa aka fara ginin, aka keɓe cocin a shekara ta 339, kuma ba abin mamaki ba ne a ce sun zaɓi kogo ne don ya burge masu ziyara. Sai dai lissafin shekaru ya wanke su. Tun wajen shekara ta 160, Jastin Shahidi, ɗan asalin garin da yanzu ake kira Nablus, ya rubuta cewa a wani kogo kusa da ƙauyen aka yi haihuwar. Wajen 248 kuma malami Orijin, mazaunin Kaisariya, ya ce mutanen Baitalami suna nuna wa baƙi kogon. Ke nan maginan tarar da labarin suka yi.

Saura a daidaita kogo da gida da komi. Amsar tana cikin yadda talakan Yahudiya yake gini. Tuddan yankin cike suke da koguna, manomi kan ɗora ɗakinsa a bakin kogo ko a bisansa, iyali su kwana a sama, da magariba a shigo da jaki da tumaki ƙasa don gudun ɓarayi da sanyi. Komin ma sau da yawa a jikin dutsen ake sassaƙa shi. Duk wanda ya tashi a ƙauye, inda turken awaki ke gab da ɗakin uwargida, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Idan masaukin da Luka ya ambata ɗakin baƙi ne, kuma ya cika da 'yan uwan da ƙidayar Kaisar Augustas ta dawo da su gida, wurin dabbobi ne kaɗai zai rage wa mai naƙuda. Wannan bai tabbatar da cewa tauraron azurfar yana kan ainihin wurin ba, amma ya nuna Luka da Matiyu da Jastin suna iya yin magana a kan gida ɗaya.

Tambaya mafi wuya ita ce ta ƙarshe: me ya sa Kiristocin farko suka riƙe wannan labari, alhali ba'a yake jawo musu? Wani masanin falsafa, Selsus, a ƙarni na 2, ya yi musu gori cewa uwar shugabansu 'yar ƙauye ce matalauciya mai kaɗi don ta ci abinci. Luka da kansa bai ɓoye talaucin ba, ya ce tsuntsaye biyu Maryamu da mijinta Yusufu suka kai Haikali, hadayar da Attaura ta sassauta wa wadda ba ta da halin ɗan rago.

An sami waɗanda suka so share abin kunyar. Wani malami, Markiyon, ya koyar da cewa Almasihu kamannin jiki kawai ya ɗauka, ya kuma yi amfani da Linjilar Luka wadda babu labarin haihuwa a cikinta. Ikkilisiyar Roma ta kore shi a shekara ta 144. Dalilinta, a ganina, shi ne zuciyar maganar: a imanin Kirista, Allah ne da kansa ya zama mutum domin ya ceci mutum, kuma wanda bai sha mama ba, bai ji yunwa ba, bai iya mutuwa ba, ba zai tsaya a madadin masu mutuwa ba. Saboda haka zanen goyon jaririn da komin dabbobi hujja ce a wurin Kiristoci. Musulmi, da suke girmama Annabi Isa ɗan Maryam, ba su yarda da wannan aƙida ba, kuma a nan ne hanyoyin biyu suka rabu.

Wannan aƙida ta Kirista ta fito fili a shahadar imanin da aka tsara a taron Kustantiniya na shekara ta 381, wadda coci-coci da yawa suke karantawa har yau. Ban da Yesu, mutane biyu kaɗai aka kira da suna a cikinta: Maryamu da ta haife shi, da Bilatus, gwamnan da aka gicciye shi a zamaninsa.