Tsakanin "Na Sallama" da Sa Hannun Gwamna

A kasuwar Bahaushe ciniki yana da kalmar da ke rufe shi. Idan mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka", to da sauran magana. Amma da zarar ya ce "na sallama", kaya sun tashi daga hannunsa tun kafin a ƙirga kuɗi. Mu masu nazarin harshe mukan ce irin wannan furuci ba labari yake bayarwa ba, shi kansa ne aikin. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda wannan kalma ta rasa ƙarfinta a cinikin gida da fili, musamman a arewacin birnin Kaduna, inda za ka ji an sallama gida a Malali ko Unguwar Rimi, an ba da kafin alƙalami, dillalai sun fara lissafin la'adarsu, amma a shekara ba a kammala ba.

Tushen lamarin yana cikin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa. Dokar ta danƙa dukkan ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta yadda abin da mutum ya mallaka shi ne izinin zama, galibi na shekara 99. Sashe na 22 ya hana mai riƙe da irin wannan izini ya sayar ko ya jinginar ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba haka ba, ɓatacce ne. A 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina saboda rashin wannan amincewa. A 1995 ta sassauta, ta ce ana iya ƙulla yarjejeniya tun kafin a sami amincewar, sai dai cinikin yana nan a rataye har ta zo. Ga mu 'yan Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962, da wadda Turawa suka kafa a 1910, duk a kan wannan turba suke. Wato dai tun kafin a dawo da hedkwata Kaduna daga Zungeru a 1917, sallamar mai fili ita kaɗai ba ta isa ba.

To amma zalunci ne a ɗora wa ofishin gwamnati dukkan laifin. Da yawa daga manyan gidajen Unguwar Sarki da Unguwar Rimi na tsofaffin ma'aikatan Jihar Arewa ne, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, takardun kuwa har yau da sunansu suke. Gidan magada ba ya sayuwa da bakin mutum ɗaya. Sai an je kotu an tabbatar da magada da rabon kowa, sai an nemo ɗan da ke Legas da 'yar da ke aure a Jidda, kuma sau da yawa ana dab da biyan kuɗi sai ga wani ya ɓullo da hujjar cewa shi ma ɗa ne. A Kawo da Badarawa da Unguwar Dosa matsalar daban ce. Fili ya bi ta hannu huɗu ko biyar, kowane ciniki da 'yar takardar da mai unguwa ya sa wa hannu, babu wanda ya taɓa kai ta rajista. Wasu kuma, don gudun haraji da jira, sukan tsaya ga takardar wakilci, alhali ita ba ta mayar da mallaka. Mai saye na ƙarshe shi ke biyan bashin sakacin duk waɗanda suka gabace shi.

Ko shakka babu an sami sauyi tun da aka kafa hukumar KADGIS da dokar 2015, a zamanin Gwamna Nasiru el-Rufa'i, aka shiga mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta tare da sabunta tsofaffin takardu. Binciken da a da sai an tono fayil daga ƙura ya yi sauƙi. Sai dai kwamfuta ba ta raba gado, kuma ba ta soke sashe na 22 ba.

Wani zai ce mene ne abin damuwa, tunda daga ƙarshe ana kammalawa? Amsar tana cikin darajar naira. Alal misali, wanda ya sallama gida a kan naira miliyan 40 a watan Mayun 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, ya sayar da abin da ya kai dala 87,000. Idan bai karɓi kuɗinsa ba sai Fabrairun 2024, da dala ta haura naira 1,500, abin da ya shigo hannunsa bai kai dala 27,000 ba. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A irin wannan yanayi ne dattijon da aka sani da magana ɗaya yake fara neman hanyar warware alkawari, ya ce zai mayar da kafin alƙalami, kuɗin da a lokacin ba za su sayi rabin simintin da za su saya a da ba. Mai saye kuwa, wanda watakila kuɗin sallamarsa na aikin shekara 35 ne ya zuba, yana nan yana biyan haya a gidan wani. Na ga zumuncin shekara da shekaru ya watse a kan haka.

Gyara dokar kanta aiki ne ja, domin sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare ta, sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamiti a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma sashe na 22 yana nan daram. Abin da jiha za ta iya yi ba tare da jiran Abuja ba shi ne Majalisar Dokoki ta ɗaure ofishin filaye da wa'adi, ta tilasta masa bayar da dalili a rubuce idan wa'adin ya wuce. Lauyoyinmu kuma su daina rubuta yarjejeniyar da ba ta da ranar kammalawa, su faɗi wanda zai ɗauki asara idan aka yi jinkiri. Magada su mayar da takarda zuwa sunansu tun kafin su kira dillali, ko da kuwa ba su da niyyar sayarwa a bana.