Fuskokinmu daga gutsattsarin takarda

Ranar da malamin zane ya ce kowa ya zo da madubi da tsofaffin mujallu, mun ɗauka wasa yake yi. Aikin ana kiransa mozayik: ka zana fuskarka da fensir a kwali, ka yayyaga takarda ƙanana kamar farce, ka liƙa su ɗaya bayan ɗaya da gam. Romawa da ƙananan duwatsu suke yin nasu, mu kuwa har kalandar bara ba ta tsira ba.

Wajen launin fata aka sha daru. Wata ’yar ajinmu ta cika kumatunta da takarda mai launin madara, alhali baƙa ce. Wasu suka fara dariya. Malam bai hana ta ba, ya dai ce, “Sake duba madubi, ki ƙirga launukan da kika gani.”

Ta ƙirga huɗu. Goshinta ya fi haske, ƙarƙashin idonta ya fi duhu. Ta ɓamɓare abin da ta liƙa har kwalin ya ɗan yage, ta samo takardar buhun siminti da baƙar leda ta fara daga farko.

Mako uku ta yi tana aikin. Hoton yana bangon ajinmu yanzu, yagewar tana nan a kuncin hagu.